Yatsu Biyar a Titin Hadayek: Jinjina ga Inna Mahasin

Ƙarfe shida da rabi na safe Inna Mahasin take fara saukowa daga hawa na biyar. Matakala ce kawai a ginin da take haya a unguwar Hadayek el-Maadi ta birnin Alƙahira, gwiwoyinta kuma sun daɗe da fara ƙorafi, don haka saukowar kan ci minti goma, tana dafa bango, tana hutawa a kowane hawa. In ta iso ƙasa sai ta gyara laffayarta, ta ɗora rigar nan ruwan ɗorawa mai ƙyalli a kai, ta gaisa da mai sayar da ful, dafaffen waken nan na Misirawa, a bakin lungu, ta nufi titi. Kafin bakwai ta buga tana tsaye a wurinta.

Ga wanda bai san titin ba, titin ne ya raba gidajenmu da makarantun yara biyu da tashar jirgin ƙasa na metro. An zana masa layi uku-uku, amma da safe motoci biyar ke jeruwa a kowane ɓangare. Mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, na tsayawa inda ya ga fasinja, tuktuk mai ƙafa uku na fitowa ta inda ba a zata ba, masu babur kuma ba ruwansu da hannun da aka ce a bi. Babu gada kusa, babu danja. Duk mai son ƙetarawa sai ya shiga cikin motocin da ƙafarsa. Mutum biyu daga cikinmu, Hausawa mazauna unguwar, sun rasu a wurin kafin ta fara tsayawa, ɗaya ɗalibi ne mai suna Khalilu da bai cika wata biyu a Masar ba.

'Yan Nijar Inna suke ce mata, 'yan Sudan su ce Khala, Misirawan unguwa kuma Ummu Israa, da sunan 'yarta. A Gadarif aka haife ta. Kakanninta sun taso daga Haɗejia da niyyar aikin hajji a ƙafa, tafiya ta tsaya musu a Sudan, shi ya sa Hausarta take da wasu tsofaffin kalmomi da sai a bakin kakanninmu muke jin su, ga Larabci tamkar ruwa. Sana'arta gasa kisra, gurasar nan mai laushi ta mutanen Sudan, tana kai wa gidajen abinci biyu da rana. Tsayuwar titi kuwa ba wanda ya naɗa ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Zaituna, wadda ta zo daga Tawa ta tarar da mijinta, ta ba ni labarin satinta na farko. Ta ce ta fi rabin awa a bakin titi riƙe da hannun 'yarta, ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye, har hawaye suka zo mata. Sai ta ji an ce da Hausa, "Ke 'yar nan, motocin nan ba za su ƙare ba sai tashin ƙiyama. Zo nan."

Inna ta ce ta ɗaga wa direbobin hannu. Zaituna ta dubi yadda Misirawa ke yi, tafi a buɗe, yatsu a ware, kai tsaye zuwa fuskar direba, sai ta ƙara cusa hannunta cikin hijabi.

"Inna, in yi wa babban mutum daƙuwa da sanyin safiyar nan?"

"To haɗa yatsunki, ki lanƙwashe babban. In a haɗe suke, roƙo ne. Sai kin ware su uwarsa take shigowa cikin maganar. Sauke hannun daidai ƙirji. Dubi idonsa, ba motarsa ba. Kada ki gudu, kada ki koma baya. Yalla, bismillah."

Wannan shi ne abin da Inna Mahasin ta gano, wanda duk masu ilimin cikinmu ba mu lura da shi ba. A Alƙahira da tafin hannu ake ƙetare titi. Mu kuwa tun muna yara an sha marinmu a kan ware wa mutum yatsu biyar. Don haka Bahaushe sabon zuwa ba ya ɗaga hannu, sai ya tsaya ya ga 'yar kafa ya kwasa da gudu, gudun kuma shi ne yake kai mutum ƙarƙashin taya. Da wannan 'yar dabara ta haɗa yatsu ta koya wa ɗaruruwan mutane tsallaka titi ba tare da sun ji sun zagi kowa ba.

Shekara uku da suka wuce wata gidauniya ta ba ofishin 'yan sandan hanya na yankinmu tallafi. Da shi aka ajiye ɗan sanda ɗaya a mashigar, safe da lokacin tashin makaranta, aka shafa farin fenti a ƙasa, aka shirya darasin kiyaye haɗari duk Asabar ga baƙi mazauna unguwa. Aka buga takardun gayyata aka manna a ƙofar kowane gini, da hoton jan tafin hannu, yatsu biyar a ware. Asabar ta farko ɗan sandan ya zauna shi kaɗai da kujeru arba'in. A masallaci kuwa magana ta bazu cewa hukuma ta bi gidajen baƙaƙen fata tana manna musu zagi.

Inna Mahasin, ke ce kika ɓamɓaro takardar nan guda, kika ninke ta, kika shiga ofishin da yawancinmu muke sauya hanya don kada mu bi ta gabansa. Ba ki da lauya, ba ki da wani babba a bayanki. Kika zauna awa biyu a benci har shugaban ofishin ya ce a shigo da ke. Abin da kika faɗa masa ba mu sani ba, amma an sake buga takardun da hoton hannu a haɗe, Asabar ta uku kuma kujeru ba su isa ba.

Ranar ce aka ba Inna rigar mai ƙyalli, ranar ce kuma shugaban ya gindaya mata sharaɗinsa, ta dawo ta faɗa wa kowa ba ragi. Ya ce yana da mashiga ashirin da ke neman ɗan sanda, ya ba mu ɗaya. Ranar da wani namu ya taɓa masa ma'aikaci, ranar zai janye shi, ko da tallafi ko babu.

Ɗan sandan farko, Ammu Bakri, dattijo ne mai sanyi, ya koyi tsayar da mutanenmu da yatsu a haɗe har ya zame masa jiki. Shekara uku ba a rasa rai ko ɗaya a mashigar ba. Sai a ƙarshen Nuwamban da ya wuce aka yi masa canjin wurin aiki, aka kawo wani matashi mai suna Ayman. A lokacin kuma wa'adin tallafin saura wata guda. Gidauniyar ta ce za ta aiko mai dubawa, a kan rahotonta za a yanke ko a sabunta ko a rufe.

Ranar Talata mai dubawar ta zo. Sunanta Ustaza Samar, doguwa, mai tabarau, da ɗan littafi a hannu. Ta tsaya gefen mai ful. Ina cikin masu jiran mikrobas ɗin zuwa unguwar Mohandessin a wannan safiya, abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Wajen bakwai da kwata, lokacin da yara suka fi taruwa, Hassumi ya fito da mahaifinsa. Hassumi ɗalibi ne a unguwar Darrasa. Mahaifin, Alhaji Sharhabilu, kwanansa tara da zuwa daga Damagaram don aikin ido, an rufe masa idon hagu da auduga, za su koma asibiti a duba. Hassumi ya tsaya amsa waya. Alhaji, da yake ta hagu motocin ke zuwa, bai ga komai ba, ya sa ƙafa a kwalta.

Ayman ya yi tsalle ɗaya ya sha gabansa, ya watsa masa tafin hannu a fuska, yatsu biyar a ware, ya daka tsawa. Wani farin mikrobas ya wuce da ƙarar birki, iskarsa ta ɗaga babbar rigar Alhaji.

Alhaji bai ga motar ba. Yatsun kawai ya gani.

"Uwata?" ya ce. "Ni? Uwata da ke kabari?"

Ya cafke wuyan hannun ɗan sandan ya murɗe shi ƙasa. Da ɗaya hannun kuma ya mayar masa da daƙuwar har sau biyu, kusa da hanci. "Ungo naka! Ungo na ubanka! Yaro ƙarami da kai!"

Hular Ayman ta faɗi. Ya fizge hannunsa, fuskarsa ta yi ja, ya zaro rediyon da ke kafaɗarsa ya danna. Misirawa suka fara taruwa, wasu na cewa ya daki ɗan sanda, wallahi mun gani. Samarinmu da ke jiran mota su ma suka matso, wani na cewa ai shi ya fara zagin dattijo. Hassumi ya saki waya ya rungume mahaifinsa ta baya yana cewa Abba don Allah, Abba don Allah, fasfo ɗinka yana ofishin iƙama ana neman izinin zama. Ustaza Samar ta buɗe littafinta.

Ba wanda ya tuna da titi. Yara kusan ashirin sun taru a bakin kwalta, na baya na tura na gaba don su ga rigima, motoci kuma sun ga ba mai tsare su sun saki gudu.

Inna Mahasin ba ta fara da masu faɗa ba. Ta warware gefen laffayarta ta miƙa wa wata babbar yarinya, ta ce ta riƙe gam, ta ja ɗaya gefen, ta yi wa yaran shinge da shi ta mayar da su baya har jikin bango. Ta ce da Zaituna, da ke wurin ta rako 'yarta, "Riƙe nan. Ko ɗaya ya wuce, ni da ke ne." Sannan ta juyo.

Ta ratsa mutane ta shiga tsakanin Alhaji da ɗan sanda. Matar da ke shan minti goma kafin ta sauko matakala, sai ga ta ta durƙusa a kan siminti a gaban Alhaji Sharhabilu. Na ji ƙarar gwiwarta daga inda nake.

"Baba Alhaji, barka da asuba. An tashi lafiya?"

Alhaji yana huci. Amma an gaishe shi da Hausa, a durƙushe, a ƙasar da kwana tara bai ji hakan daga bakin baƙo ba. Ya ce, "Lafiya. Ke 'yar wa ce?"

"'Yar mutanen Haɗejia ce, Baba. Ina takalminka na hagu?"

Alhaji ya dubi ƙafarsa. Babu takalmi. Inna ta nuna masa titi. Can a kan farin fenti takalmin yake, fata mai kyau irin ta Damagaram, taya ta bi ta kansa ta mayar da shi kamar kisra.

"Ƙafarka tana ciki, Baba, lokacin da yaron nan ya tare ka. A garin nan haka suke cewa tsaya. Bai san uwar kowa ba."

Alhaji ya juya kansa gaba ɗaya don ya duba da ido mai gani. Ya daɗe yana kallon takalmin. Wata mota ta sake bi ta kai.

A daidai nan rediyon Ayman ya yi ƙara. Murya daga ofis tana tambaya, me ya faru a mashiga, a turo mota? Ayman ya ɗaga shi zuwa bakinsa. Sawun yatsun Alhaji na nan a wuyan hannunsa.

Inna ta kama hannun Hassumi ta miƙe da ƙyar, ta juya harshe zuwa Larabci. Hassumi ne ya cike min abin da hayaniya ta hana ni ji.

"Ya basha, yallaɓai, minti ɗaya, don darajar mahaifiyarka. Ku nan in mutum ya watsa muku biyar a fuska ya ce biyar a idonka, me yake nufi?"

Mai ful ne ya amsa daga baya, "Yana nufin kai mai kambun baka ne, mai mugun ido."

"To a wurinmu ta fi haka muni. Uwar mutum ake zagi da ita. Dattijon nan ya girmi babanka, ido ɗaya yake gani da shi, bai ga mota ba, hannunka ya gani. Bakri ya san wannan. Kai ba ka sani ba domin ni ban faɗa maka ba. Kwana shida muna tsaye tare, kullum ina cewa gobe, ina jin nauyin in koya wa mai kaki aikinsa. Laifin nawa ne. In rubutawa za ka yi, rubuta Mahasin Hussain, hawa na biyar."

"Ya hajja, ya murɗe min hannu a gaban jama'a."

"Ya murɗe. Kai kuma ka cece shi a gaban jama'a. Wanne kake so a kai ofis?"

Rediyon ya sake kira, wannan karon da faɗa. Inna ta matsa gefe kaɗan yadda zai hango yaran da ke bayan laffaya, sun yi tsit, jakunkuna a baya. Kowa a cikinmu ya san sharaɗin shugaban ofis.

Sai Alhaji Sharhabilu ya sunkuya, da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ɗauki hular ɗan sandan daga ƙasa. Ya kaɗe ta da hannun rigarsa, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Hassumi, gaya masa na gode. Gaya masa kuma ya yafe." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ka tambaye shi, shi ba shi da baki ne, sai yatsu?"

Hassumi ya fassara biyun farko, ya haɗiye na ukun. Ayman ya dubi hular, ya dubi tsohon, ya danna rediyo.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Cunkoso ne. Khalas, ya wuce."

Ya sa hularsa, ya shiga titi, ya ɗaga hannu. Ya ware yatsun, sai ya tuna, ya haɗe su. Inna ta karɓi laffayarta ta jagoranci yaran suka ƙetare, tana ɗingishi. Ustaza Samar ta rubuta wani abu mai tsawo, ta rufe littafi, ta tari tasi ta tafi, ko sallama ba ta yi ba.

Sati uku muka yi ba labari. Wasu suka ce ai ta rubuta cewa baƙi na dukan 'yan sanda. Wasu suka ce wani ya ɗauki bidiyo ya aika ofis. Aka goge sunan darasin Asabar daga allon sanarwa, ba wanda ya san dalili. Duk safiya mutane kan leƙo ta taga su ga ko Ayman ya zo. Inna kuwa tana wurinta, sai dai yanzu da sanda, domin tun durƙuson nan gwiwar dama ta kumbura ba ta sace ba. In an tambaye ta me ake ciki sai ta ce, "Yau dai yana nan. Riƙe hannun 'yarki."

Takardar ta iso a makon da ya wuce. An sabunta tallafin na shekara guda. A cikin rahoton, wanda aka karanta mana a masallaci bayan Juma'a, Ustaza Samar ta ce ta ga mashigai da yawa masu fenti da ɗan sanda, amma a nan kaɗai ta ga abin da ke sa su aiki. Saboda haka gidauniyar ta sa sharaɗi: dole kowace safiya ta makaranta a samu mutum daga cikin unguwa, mai jin harshen mutane da Larabci, tsaye tare da ɗan sanda. A ba da sunaye a rubuce. In babu sunaye, babu tallafi.

An yi kabbara a masallaci. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, kwana biyu kafin nan Israa ta kai mahaifiyarta asibiti, likita ya ce gwiwar sai aiki, tsayuwar awa biyu a kwalta kuma ta ƙare mata har abada. Sharaɗin da aka rubuta saboda ita ya zo a makon da ba za ta iya cika shi ba.

Inna Mahasin, katangar 'ya'yan baƙi. Ke ce kika tsaya mana a inda ba lada sai na Allah, hayaƙin mota a ƙirjinki, zagin direbobi a kunnenki. Ke ce kika ɗauki laifin da ba naki ba kika aza a kanki don kada a ɗauke mana ɗan sanda. Akwai 'yan mata a jami'a yau da ke kika fara riƙe musu hannu suna firamare, ba su ma san cikakken sunanki ba. Ba mu taɓa tara miki ko kuɗin man zafi ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi aikin nan a sa'a, ya tsallakar da ke siraɗi kamar yadda kika tsallakar da 'ya'yanmu.

Na je gaishe ta jiya. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, Israa na gasa kisrar a madadinta. Na fara karanta mata abin da na rubuta, ta katse ni tun ban yi nisa ba.

"Yabon nan zai tsaya a titi ranar Lahadi?"

Na ce a'a.

"To rubuta musu abin da zai tsaya."

Ga shi na rubuta. Kwana biyar ne a mako, Lahadi zuwa Alhamis, daga bakwai saura kwata zuwa takwas da rabi. Ba a neman mai digiri, ana neman mai Hausa da Larabcin da zai iya cewa direba dakata, mai haƙurin da zai gaida dattijo kafin ya gyara masa kuskure. Inna ta ce za a sauko da ita a kujera makon farko ta nuna wa kowa yadda ake yi. Zaituna ta ɗauki Lahadi. Hassumi ya ɗauki Talata, ya ce bashin takalmi ne. Na sa sunana a Alhamis, ko da yake har yau muryata ba ta kai ƙarshen ajin da nake koyarwa ba balle ƙetaren titi.

Takardar sunayen tana wurin mai ful, ranar Alhamis da azahar Ayman zai karɓa ya kai ofis. Litinin da Laraba har yanzu babu kowa.